Kujerar Ƙarshe a Kwalej

Aikin farko yau: kai akwatin ƙarfe wurin maƙeri ya gyara marfi.

Zuwa ga Hadizatu, bayan gaisuwa da addu'a. Na san babu ɗan aiken da zai kai miki wannan, amma ba ni da wanda zan faɗa wa labarin nan da cikakken baki sai ke.

Yaron nan ya ci. Ɗanki na fari nake nufi, wanda har kika bar duniya kunya ba ta bari kin kira sunansa ba, ni ma ga shi alƙalamina ya ƙi. An ɗauke shi kwalej, bayan damina zai tafi Yamai.

Kin san bara ya zauna kwankur, jarrabawar shiga, a Damagaram. Lissafi ya yi kyau, dikte, wato shiftar Faransanci, ta kayar da shi. Bana ya koma, kuma zaman ƙarshe ne, don shekarunsa sun kai iyaka. Ya dawo ya ce dikte ta tafi daidai, lissafi kuma ya ɗan karkace. Tun ranar na rasa sukuni. Na farko za su duba ko na biyu? Ko haɗawa za su yi su raba? Na gwada kowace hanya da biro a takarda, wata ta shigar da shi, wata ta bar shi bakin ƙofa. Har na fara tunanin ko ni na cika shi da dikte kowace safiya, lissafin ya yi sanyi.

Jiya malaminsu, Mushe Abdu (haka suke cewa malam da Faransanci), ya warware mini. Na bana kaɗai ake dubawa. Sai dai a kujerar ƙarshe sun yi kunnen doki da wani yaro daga Guci, shi ne aka ciro takardun bara, aka ga namu ya gyara inda ya faɗi, aka ba shi. Ɗan Gucin ƙarami ne, yana da baɗi. Na sa shi cikin addu'a.

Kin tuna sau biyu kika mayar mini da goron zance, a na uku kika karɓa? Da haɗawa aka yi aka raba, da ban shiga gidanku ba. Ban taɓa tambayarki me na gyara ba. Sabuwar hular ce, ko gajiya kika yi da ganina a zaure?

Da yaron ya durƙusa ya gaya mini ya ci, cewa na yi to, na tambaye shi ko ya ba akuya ruwa. Maƙwabta na zuwa barka, ina cewa ƙoƙarin malamai ne. Goggonsa Zara ce ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ke da kina nan, da ɗaki za ki shige kamar ba ki ji ba, amma kwanonsa ya fi na kowa nama. Wannan dabarar taki ce ban koya ba.

Gyaɗa ta yi kyau a gonar Bande. Autarki Mariyama ta fara tuƙa tuwo, da gudaji, muna ci muna yabawa.

Allah ya kai haske kabarinki.

Mijinki da ya ci a zama na uku,
Isufu, Magarya

Na gobe:
karɓo akwati
auna shi wurin tela
tambayar ranar da motar kamyon ta Damagaram za ta tashi
in kira shi in ce ya yi ƙoƙari
in baki ya ƙi, kilishi a ƙasan akwatin