Kyamara Don Fuskar Inna

Talata, 2 ga Satumba, 2025

Yau Jidda ta tambaye ni ko Babanta yana da gemu. Ina tsintar shinkafa a lokacin. Na ce yana da shi, ɗan kaɗan a haɓa. Ta ce ita in ta rufe ido ba ta ganin gemun, ba ta ma ganin hancin. Shekararta biyar, ba laifinta ba ne.

Na ɗauko katin zaɓensa na nuna mata. Ta duba ta ce wannan mutumin fushi yake yi, ba Babanta ba ne. Gaskiyarta. Ranar da aka ɗauki hoton nan wuni ya yi a layi cikin rana, ya tsuke baki, wushiryar ba ta fito ba. Alhali duk wanda ya san mijina Tsoho mahauci a kasuwar Mafara da dariya ya san shi.

Sauran hotunan duk a wayarsa suke. Tun ranar da babur ya kife da shi a hanyar Jangebe ba a ga wayar ba. An kawo min hularsa, an kawo wuƙarsa cikin kube. Waya babu.

Allah Ya jiƙansa. Na fita takaba tun kafin babbar sallah, amma har yau ban taɓa kwalli ba. Ba na jin sa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Murja, ƙanwarsa, ta kira daga Maradun. Ƙafafun Inna sun ƙara kumbura, abinci sai an yi da gaske. Wai ko tsakar gida ba ta fitowa yanzu.

Ina ajiye waya abin ya faɗo min. Fuskar Baban Jidda ai tana nan, wajen mahaifiyarsa. Goshin nan, wushiryar nan, da yadda idon hagu yake rufewa in dariya ta kama su. In na samu hoton Inna tana dariya, Jidda ta samu na Babanta.

Matsalar ita ce Inna ba ta shiga waya. Ɗiyar malamai ce ta Gidan Goga, ko a sunan Jidda da aka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Cewa take waya tana da layi, wanda ya shiga cikinta ya tafi duniya, kattin da bai sani ba su yi ta kallonsa. Amma na tuna ta taɓa faɗa min lokacin da za ta Makka ta zauna mai hoto ya ɗauke ta, don shi a takarda ya miƙo mata, ta ƙulle a akwati.

To kyamara zan saya. Na yanke.

Juma'a, 5 ga Satumba

Naziru ƙanena ya yi min dariya har da riƙe ciki. Wai Yaya Habiba, a wannan zamanin wa yake sayen kyamara, ki ƙara kuɗi ki sayi babbar waya ki huta. Na ce masa babbar waya ce ta tafi da hotunan mijina. Ya daina dariyar. Ban so na faɗa masa haka ba, amma na faɗa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na je shagon Imrana mai hoto na kusa da tasha. Ashe ya san Baban Jidda, wai kullum Talata wajensa yake sayen hanta kuma sai ya yi masa gyara. Na tambaye shi ko ya taɓa ɗaukarsa hoto. Ya ce sau nawa yana ce masa ya zo, shi kuwa sai ya ce sai ya yi ƙiba tukuna.

Ya fito min da kyamara uku. Ɗaya babba mai dogon baki irin ta masu biki, ya ce kada ma in tambayi kuɗinta. Ban tambaya ba. Ɗaya sabuwa fil a kwali, ruwan hoda, mara nauyi kamar wasan yara, an rubuta manyan lambobi a jikinta. Ɗaya kuma ta hannu, baƙa, gefenta ya ɗan goge.

Ya yi ta min bayani da Turanci a ciki, na ce Malam Imrana, ni firamare na gama, yi min da Hausa. Abu uku nake so: ta ɗauki mutum a cikin ɗaki ba a rana ba, batirinta ya kai ni Maradun ya dawo da ni, kuma kada ta fi kuɗin ɗan akuya ɗaya. Ya ce to ai na fi wasu masu zuwa da lissafi. Na ce zan dawo da yarinya mu gwada.

Talata, 9 ga Satumba

Naziru ya kai ɗan akuyar kasuwa. Uwar akuyar, Baban Jidda ne ya saya min ita bara, ta haifi biyu. Macen na bari. Uwar ta yi ta kuka har la'asar, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Laraba, 10 ga Satumba

Mun gwada. Na ce Imrana ya kashe fitilar shago ya saki labule, don ɗakin Inna taga ɗaya ce kuma kullum a rufe. Na tsayar da Jidda a lungu.

Mai ruwan hodar ta fito da ita kamar an shafa mata toka, ido biyu kawai ake gani. Imrana da kansa ya ce lambobin jikin kwalin na talla ne. Baƙar kuwa ta fito da ita sak, har da tabon da ta ji a goshi. Tana jawo abu kusa ba sai ka matsa ba, kuma ƙananan batiran nan na tocila take ci, guda biyu. Wannan ya yi min, don gidan Murja sai a yi kwanaki ba wuta.

Ganin na nutsu, sai ya ce ai akwai wata mafi kyau da za a kawo masa daga Gusau, ƙari kaɗan zan yi. Wai ita kana ɗauka take tura hoton cikin waya da kanta, ba igiya ba komai. Yana faɗa yana murna.

Na ce, "Ita wannan baƙar tana turawa?"

Ya ce a'a, tsohuwa ce, ba ta iya komai, hoton yana zama a wani ɗan kati da ke cikinta har sai an ciro an wanke.

Na ce, "To ita nake so."

Ya dube ni kamar na ce a ba ni mota mara taya. Na ba shi labarin Inna. Ya ɗauko tsumma ya goge mata ido, ya ƙara min jaka da batira bai karɓi kuɗinsu ba. Ya ce gyaran hanta ne.

Na san na zaɓa daidai. Ba na ko shakka.

Asabar, 13 ga Satumba

Na ɗauki akuya, na ɗauki turmi, na ɗauki Jidda har ta gaji da ni. Rabin hotunan duk yatsana ne a gaba. Yanzu na gane: a riƙe da hannu biyu, a manne gwiwar hannu da jiki, a danna rabi a jira ta yi ɗan kuka, sannan a ƙarasa. In ka yi numfashi hoton sai ya yi rawa.

Litinin, 15 ga Satumba

Gidanmu Bakura, sunan jikar maƙwabta. Na je da ita cikin jaka ban yi niyyar fitowa da ita ba, Jidda ta tona. Mata suka yi min caa, kowa a ɗauke ta. Wata ta ce Habiba ta zama 'yar jarida. Na ɗauki Baba a kan buzunsa yana jan carbi, bai sani ba. Na ɗauki hannun Gwaggo tana dama fura.

Gwaggo ta ce in kawo ta ɗauke ni ni ma. Na ce ba a taɓa min. Ni me za a ɗauka a jikina.

Alhamis, 18 ga Satumba

Murja ta ce Inna ta ɗan ji sauƙi, ta sha kunu. Asabar za mu tafi, motar safe, mu isa da rana tsaka. Na yi dambun nama irin wanda take so, mai laushi.

Asabar, 20 ga Satumba, Maradun

Mun iso lafiya. Inna ta rame. Da na shiga ta ɗago kai, kamar shi ne ya dube ni.

Mun daɗe muna gaisawa, ta tambayi mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, har akuyar ta tambaya. Ban faɗa mata na sayar da ɗan ba. Sai bayan azahar na fito da kyamarar na ajiye a tabarma.

Hannunta ya tafi ga mayafi. Ta ce, "Mi na na kuma?"

Na ce kyamara ce, Inna, ba waya ba ce. Ba ta da layi, ba a kira, ba ta kai hoto ko'ina. Irin ta mai hoton Makka ce. Ta karɓa ta juya ta, ta kara a kunne, ta sa Murja ta buɗe wajen batir don ta ga ko akwai layi a ɓoye. Na ciro ɗan katin na ɗora mata a tafin hannu, na ce hoton a nan zai zauna, ni zan kai a wanke, ina tsaye, in kawo mata a takarda. Na nuna mata hotunan akuya da turmi da na ɗauka.

Ta ce don mi nake son hoton tsohuwa. Na faɗa mata abin da Jidda ta ce game da gemu. Ta daɗe tana kallon yarinyar tana wasa da takalmi a bakin ƙofa. Sannan ta ce gobe, in ta yi wanka.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ba zan manta yau ba, amma bari in rubuta duk da haka.

Ta sa atamfarta ta Makka da farin mayafi, ta zauna bakin gado ta miƙe wuya. Ina ɗaga kyamara ta tsuke baki. Sak katin zaɓen nan. Na ce Inna ki ɗan yi murmushi, ta ce ita ba yarinya ba ce da za ta washe haƙora gaban ƙarfe. Murja ta yi ta ba ta labarin abin dariya, ko gezau. Na ɗauka, na ƙara ɗauka. Kowanne ya fito tsaf, kyamarar ba ta yi laifi ba, amma ba fuskar da na zo nema ba ce. Na fara mayar da ita jaka.

Sai Inna ta ce, "Ke wa ya ɗauke ki?"

Na ce ba kowa.

Ta ce, "Kin ɗauki akuya kin ɗauki turmi. Ranar da ɗiyar ga ta rufe ido ta nemi taki fuskar, katin zaɓe za a ba ta ita ma?"

Ta buga katifa kusa da ita, na zauna. Na nuna wa Murja inda za ta danna. Inna ta dube ni ta ce ba ta zama a hoto da mai ido fari fat kamar marar lafiya, takaba ta ƙare tuntuni, Tsoho ma ba ya son ganina haka. Ta lalubo tandun kwallinta ƙarƙashin matashi. Na ce zan sa da kaina, ta ce in yi shiru in buɗe ido.

Hannunta rawa yake yi. Ta fara daga ido ta wuce har kusa da kunne. Ta ce bari ta daidaita ɗayan, shi kuma ya gangaro kumatu. Jidda ta shigo ta tsaya tana kallona, ta ce, "Umma, kin zama irin akuyarmu."

Akuyar tana da baƙin zane daga ido zuwa kunne. Inna ta dube ni da kyau, sai ta fashe. Irin dariyar nan, kai ya koma baya, idon hagu ya rufe. Ni ma ban san lokacin da tawa ta fita ba. Na dai ji ɗan kukan kyamara a hannun Murja.

Bayan nan mun yi kuka mu duka uku. Jidda ta fita abinta.

Talata, 23 ga Satumba, Mafara

Na tsaya a kan Imrana har ya wanke, kamar yadda na yi alkawari, kuma na sa ya goge daga na'urarsa ina gani. Hoton ya karkace, hannun Murja bai san saiti ba, rabin kafaɗata babu. Ya ce zai iya gyara kwallin nan a na'ura ya fito daidai. Na ce ya bar shi.

Biyu na wanke. Ɗaya na akwatin Inna, direban Maradun zai kai wa Murja a ambulan.

Na ba Jidda ɗayan. Ta ɗora yatsa a kan haƙoran Inna ta ce, "Ga bakin Baba." Sai ta ce yanzu ta tuna gemun.

Juma'a, 26 ga Satumba

Inna tana cin tuwo kaɗan kaɗan. Murja ta ce hoton bai shiga akwati ba, yana ƙarƙashin matashi, duk wadda ta zo dubiya sai an nuna mata.

Namu yana jingine a kan kwanuka. Ina wucewa ba na dubawa sosai. Matar da ke gefen Inna dai ban san tana da irin wannan dariyar ba har yanzu.

Da za mu taho Inna ta cusa min tandun kwallin a jaka. Na sa yau da safe, kaɗan. Idona ne yake min ƙaiƙayi kwana biyu, kuma kayan tsohuwa bai kamata a bar shi ya bushe ba.

Batir ya kusa ƙarewa. In Naziru ya zo sai ya sayo min, akwai biki ranar Lahadi.