Takalman da Na Cire a Ƙofar Cocin Italiya

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Greensboro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ce Rabi'atu, mai karatun adana tsofaffin gine-gine a jami'a, wadda ta shekara huɗu tana koya wa 'ya'yanku karatu duk ranar Asabar. Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba. Na tuƙa mota har gidanka a McLeansville, aka ce kana hutawa. To, tunda a gaban jama'a ka yi maganata, a gaban jama'a zan ba ka amsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗaya, ga abin da ya kai ni Italiya. Sashenmu ne ya tura mu mako uku wani tsohon gari da ke zaune a kan dutse. A ƙololuwarsa akwai ganuwa mai hasumiya, inda mutanen garin suke fakewa lokacin yaƙi, a ƙarƙashinta kuma tsofaffin coci-coci. Kullum da safe sai mun hau matakala har gwiwa ta yi tsami. Aikinmu mu duba inda danshi ke cin bango da inda daɓe ya fara sakin jiki. A jikin ganuwar na yi kwana tara, ba wanda ya ce uffan a kan hotunan da aka ɗauke ni a can. Kwana huɗun da na yi a babban cocin garin su ne suka zama laifi.

Na biyu, hoton. Ni da kaina na tura shi guruf ɗin matan ƙungiya na waya, tare da wasu, da bayani a ƙarƙashinsa. Wata baiwar Allah ta yanke bayanin ta tura maka. Me ka gani? Takalmana a bakin ƙofa, ni kuma a durƙushe, kaina a ƙasa. Alhaji, daɓe nake ƙwanƙwasawa. Ana bugun dutsen a hankali a kasa kunne, in ya yi amo kamar ƙwarya to ƙarƙashinsa ya zaizaye. Tun kafin Turawa su koya mini, mahaifina ya koya mini. Magini ne a Zariya, Allah Ya jiƙansa, haka yake bin bangon soro da gaɓar yatsa kafin ya ce a yi yaɓe ko a rushe. Da na ɗaga kai na ga ginin bakan gizon da ke riƙe da rufin cocin nan, shi na tuna, har na yi ƙwalla.

Takalmi kuwa, ba wanda ya ce in cire. Tsohuwar da ke share wurin ma dariya ta yi, ta nuna mini da hannu in mayar, daɓen da sanyi. Ƙafata ce ta ƙi. A gidanmu ba a shiga ɗakin babba da takalmi, balle inda wasu ke ganin girmansa. Tarbiyyar da aka yi mini ita ce ka ɗaga a matsayin shaidar na bar addinina. Da lokacin azahar ya yi, ita wannan tsohuwar ce ta buɗe mini wani ɗaki a cikin gidanta na yi salla. Wannan ba a ɗauki hotonsa ba.

Na uku, kuma ina roƙon afuwa in na yi tsauri. Kafin mu samu wurinmu, a ina muka fara ajin Asabar? A ɗakin ƙasa na wani coci a East Greensboro, aro suka ba mu. Kai ka ɗauko tabarmi a bayan motarka, kai ka yi wa faston godiya da hannu biyu. Sanyin shekara biyu muka ci a can. Ban ji ranar da aka ce imaninka ya yi rauni ba.

Na huɗu, shi ne ya hana ni sukuni. Ka tashi bayan sallar Juma'a ka ce akwai wadda boko ya kai ta durƙuso a coci, kada a bar mata 'ya'ya. Ba ka kama suna ba, amma mu nawa ne a garin nan? Washegari aka aiko karɓar makullin aji. Magana zarar bunu ce, Alhaji. Wani ya naɗi muryarka a waya, kafin kwana biyu ta isa Zariya, ta isa kunnen mahaifiyata. Tsohuwa ce, ba ta san wani karatun gine-gine ba. Abin da ta sani shi ne Alhaji guda, shugaban Hausawa a Amurka, ya faɗa a masallaci. Yau sati biyar ba ta ɗauki wayata ba. Yayata ta ce ta daina fita unguwa, ko suna aka yi sai dai ta aika. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ban yafe ba tukuna.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ka tsaya inda ka tsaya a wancan karon, ka ce ba ka bincika ba, ka bari a naɗa kamar yadda aka naɗi ta farko. Nan gaba kuma in an kawo maka ƙarar wani, ka kira shi ka ji ta bakinsa kafin ka hau mumbari da shi. Sannan ka kira mahaifiyata da kanka. Hajiyarka tana da lambarta, ita ta kai mata saƙona lokacin da ta je gida bara.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya kiyaye 'ya'yanka daga harshen da bai tambaya ba, Ya sa kada ka taɓa sanin yadda ake ji in waya tana ta ƙara a ɗakin uwa, tana kallo, ta ƙi ɗauka.

Makullin aji ku riƙe abinku, ban roƙa ba. Muryarka ce ta raba ni da uwata, da muryar nan kaɗai za ta yarda. Bayan la'asar ɗin Zariya take zama kusa da waya.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi'atu
Greensboro