Ƙullin Gidanmu a Wuyan Ƙugiya

Zuwa ga yayana Ramzin, a Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da ƙarfin jiki da kwanciyar hankali, Ya tsare ka a kan titunan da kake tuƙi, Ya sassauta maka zafin ƙasar. Mu nan muna lafiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi tun da ta daina ɗaukar ruwa da kanta. Matarka Rinosa lafiya lau, ɗanka Akil kuwa ya fitar da haƙora biyu, duk wanda ya ɗauke shi sai ya ɗanɗana su. Wappa mahaifinmu yana cin abincinsa, yana zuwa masallaci. Sauran labarinsa yana ƙasa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, kai da ka san inda karatuna ya tsaya. Dalili shi ne duk ran da ka kira, Umma sai ta buɗe muryar waya gida duka ya ji, har maƙwabta su sa baki. Shi ya sa na ba Safran ɗan Goggo ya kawo maka hannu da hannu. Ka karanta a zaune. Maganar padu ɗinmu ce, ranar nan da gaɓar teku take zama tamu mu kaɗai mu jefa taru, wadda kakanmu ya bar wa Wappa. Rabin tarun guminka ne, don haka haƙƙinka ne ka ji komai daga bakina.

Tun bayan tafiyarka mutanen birnin Kolombo suka fara zuwa Asabar da Lahadi suna kamun kifi na nishaɗi. Da fari ba wanda ya kula su, don iyakar jifansu bakin kumfa. Sai wani mai suna Senaka ya zo da ƙaramin jirgin saman nan marar matuƙi, wanda yaran gari suka sa wa suna zanzaro saboda kukansa. Yana ɗaukar bakin zaren fatsa da koto ya wuce duk inda igiyar ruwa ke karyewa, ya kai can bayan duwatsu inda manyan kifayen paraw suke kwana, ya saki. Mutum yana zaune a kujera da shayi a hannu, yana kallon cikin teku ta waya. Wata guda bai cika ba sai ga zanzaro huɗu.

Gari ya rabu. Tsofaffi suka ce kifin da ke bayan duwatsu iyaye ne, shi ya sa tarunmu ba ya kaiwa can, yanzu ga masu ɗauke su don hoto kawai. Kawu Jaufar, wanda ka sani a bakin igiya tun muna yara, ya ce shi wanda bai jiƙa ƙafa ba kada ya kira kansa masunci a gabansa. Samari suka ce tsoron sabon abu ne kawai, injin jirgi ma haka aka yi masa da ya zo. Naufar mai ɗaya daga cikin sauran taruna ya fi kowa kumfar baki, alhali ni da idona na gan shi yana leƙa wayar Senaka yana tambayar nisan da abin yake gani. Da aka fara tsintar yankakken zare a cikin taru, kwamitin masunta ya zauna a gaban masallaci, shugabansa Alhaji Maraikar ya yanke: ba su da ikon hana baƙo teku, amma duk gidan da ɗansa ya taimaka wa masu zanzaro, gidan ya rasa padu shekara guda.

Yaya, ina wurin aka faɗa, kuma na riga na sa hannu tun kafin nan. Ranar farko kallo kawai na tsaya yi. Kifi ya ci koton Senaka sau biyu, sau biyu ƙullinsa yana zamewa, mutum yana ɗaure ƙugiya kamar yana ɗaure takalmin ɗan makaranta. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na karɓa na ɗaura masa. Daga nan ya riƙa nemana, ni kuma ba zan ɓoye maka ba, ina son in ga teku daga sama. Abin da Wappa yake karantawa daga kan tudu da launin ruwa, sai ga shi a tafin hannu ƙarara. Bayan hukuncin sai na koma ɗaura masa ƙugiyoyin a bayan masaukinsu, ina ganin na yi dabara. Abin da bai taɓa zuwa raina ba shi ne, hannu ba ya neman izini. Ƙullin gidanmu nake yi, wanda ake naɗawa ta hagu saboda kakanmu bahago ne, a mayar da wutsiya ciki ta bar ɗan tudu kamar ƙwayar shinkafa. Ban san wani ƙullin ba.

Akwai abu na biyu da ni da Umma muka ɓoye maka. Idon Wappa ya tafi. Shekara guda ke nan ba ya bambance teku da sama. Ka san shi ne mai duban ruwa na gaɓar duka, ba kwale-kwalen da ke shiga da taru sai ya ɗaga farin ƙyallensa daga kan tudu. Ya rantsar da mu kada kowa ya ji. Kullum da safe ni ke binsa da butar shayi kamar mai hidima, in tsaya bayansa in raɗa masa cewa duhu ya taso daga arewa, tsuntsaye sun sauka, shi kuma ya yi lissafinsa da iskar da ke bugun kunnensa ya ɗaga ƙyalle. Bai taɓa kuskure ba. Mutane har cewa suke tsufa ya ƙara masa gani.

Ranar Lahadi, yau mako biyu ke nan, zaren Senaka ya maƙale a duwatsu, ya ja ya ja, ya sa almakashi ya yanke. Ƙugiya biyar ne a jiki, da wayar ƙarfe. Na dubi yadda ruwa ke tafiya na san inda zai kai su, na ce masa a hankali wannan ba daidai ba ne, ya ce teku fa babba ne, Nifras. Na tafi gida ban gaya wa kowa ba. Wannan shirun ya fi ƙullin ci mini rai.

Ranar Talata padun Naufar ne. Taru ya cika, mutum talatin a igiya ana waƙa, jakar taru ta kusa fitowa, sai muka ji Kawu Jaufar ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Zaren ya naɗe a igiyar, ƙugiya ta shiga tafinsa ta fito ta tsakanin yatsu, nauyin taru kuma yana ja. Kafin a yanke, mutane sun saki igiya, gefe ɗaya ya buɗe, kifin ya koma. Aka sa shi a babur mai ƙafa uku zuwa asibitin Puttalam. Likita ya ce jijiya ta taɓu, yatsu biyu sai abin da Allah Ya yi. Naufar ya naɗe zaren da jininsa ya sa a aljihu, ya dube ni ya ce Juma'a ba nisa, mai butar shayi.

Kwana uku ban ci ko loma ɗaya ta pittu ba. Umma ta yi ta taɓa goshina.

Bayan sallar Juma'a aka zauna ƙarƙashin bishiyar masallaci, har mata sun tsaya ta bayan katanga. Abin da ban zata ba, Senaka ya zo da kansa, a ranar aiki. Ya ba da haƙuri, ya ce maganin Kawu yana wuyansa, amma ya ce teku ba gonar kowa ba ce, yawancin abin da ya kama yana mayarwa da rai, kuma abin da tarunmu ke kwasowa a rana ɗaya, har da 'ya'yan kifi, shi bai kama a shekara ba. Wani ya ce masa mu ci muke yi, kai hoto kake yi. Wani daga baya ya ce a tambaye shi ko kifin da ya mayar da ƙugiya a maƙogwaro ya taɓa dawowa ya yi masa godiya. Alhaji ya tsawatar, ya tambayi Senaka wa ya ɗaura masa ƙugiyoyin. Ya ce shi ya ɗaura da hannunsa. Naufar ya yi murmushi, ya zaro sabuwar ƙugiya da zare ya miƙa masa, ya ce bismillah, ranka ya daɗe, koya mana. Bawan Allah ya yi ta fama yana zufa, da ya gama Naufar ya ja sau ɗaya ƙugiya ta faɗi a yashi. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Sai Naufar ya ɗauko zaren nan mai jini ya ce tunda akwai dattijon da ya san hannun kowa a gaɓar nan, wanda idonsa ke hango kifi daga nisan da zanzaro ma sai ya yi tafiya, to a ba shi ya duba. Alhaji ya karɓa ya sa a hannun Wappa.

Yaya, ina tsaye a bayansa, inda na saba tsayawa. Na ga babban yatsansa ya bi naɗin, ta hagu, ya kai kan ƙwayar shinkafar ya tsaya. Ya sake bi. Da ya ce bai gane ba, ba mai ƙaryata shi, amma ka san Wappa da ƙarya, ballantana a inuwar masallaci. Da ya ce na ɗansa ne, shi ya miƙa ni da hannunsa. Ya daɗe har Alhaji ya kira sunansa. Sai ya ɗago ya ce jama'a ku yafe mini, an ce in duba, ni kuwa ba ni da abin dubawa, rabona da ganin fuskar ɗayanku shekara guda. Ya ce duk kifin da kuka ci a shekarar nan da idon yaron nan kuka ci shi. Ya miƙo zaren ta kan kafaɗarsa ba tare da ya juyo ba, ya ce ga idona nan, ku tambaye shi abin da ya gani.

Abin da ya ɓoye shekara guda, abin da ya fi tsoro a duniya, shi ya ajiye a gaban mutane don kada ya yi ƙarya kuma kada ya tona ni. Ya bar mini ƙofa biyu a buɗe. Na karɓi zaren, na ce ƙullina ne, ni na ɗaura, kuma ina wurin aka yanke, na san inda ruwa zai kai shi ban faɗa wa kowa ba.

Wuri ya hargitse. Naufar ya ce hukunci a rubuce yake, shekara guda, kuma ranarmu a raba ta ga sauran taruna. Kawu Jaufar, da hannu a rataye a wuya, ya ce a bar mai ciwo ya yi magana mana, ko hannun Naufar aka ɗinke? Ya ce shi bai yafe mini ba tukuna, kada in yi saurin murna, amma yana da tambaya: tsoho ya ce ba ya gani, yaro kuma za a kore shi daga gaɓa, to gobe wa zai hau tudu? Naufar bai tsaya tunani ba ya ce ai zanzaro ɗaya ya isa ya duba wa kowa. Kawu ya ce au, ashe zanzaron wani ne haram, naka halal? Har matan bayan katanga sai da aka ji su.

Ga abin da aka yanke. Padu ɗinmu ya tafi har ƙarshen wannan kakar, wata biyar, ba a raba wa kowa ba, ranar teku za ta huta. Ni zan riƙe igiya a madadin Kawu, rabon ya tafi gidansa. Masu zanzaro kuma Senaka ya ɗauki alkawarin ba za su saki zare tsakanin bakin kogi da tudu ba. Ko sauran za su ji maganarsa, Allah masani. Ranar Asabar na wanke tarunmu na shanya, na naɗe shi na sa a rumfa. Ka yafe mini, Yaya. Kai kana can cikin rana kana tara mana, ni na naɗe shi da hannuna.

Wappa bai yi mini magana ba kwana tara. Ba faɗa, ba zagi, in na ajiye masa shayi ya sha. Kwale-kwalen masunta kuwa suna shiga a makance, wata rana a samu, wata rana a jawo ciyawa. Yau da safe ina ɗaura ɗamarar jan igiya, sai na ji abu a kafaɗata. Farin ƙyallen ne. Ya ce in hau, in ba teku kunnena na hagu, kuma in na ga abu in faɗe shi da ƙarfi, ya gaji da raɗa. Na hau ni kaɗai. Na ɗaga, Naufar ya dube ni daga bakin ruwa, sannan ya ce a tura.

Roƙona biyu. Zanzaron nan da ka ce ka gani a kasuwa kana so ka aiko don Wappa ya huta, don Allah ka bar shi a inda yake. Ba na ce abin banza ba ne, na ga abin da yake gani, amma ba a gidanmu ba, ba bana ba. Na biyu, in ka kira, kada ka fara yi masa maganar ido. Ka bar shi ya faɗa maka da kansa. Likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa, amma ya ce ba mai taɓa masa ido sai babban ɗansa yana tsaye. Ka duba hutunka.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage shan ruwan ƙanƙara. Rinosa da Akil suna gaisuwa, haka 'yar'uwarmu Fasmina da mijinta. Kawu Jaufar ya ce in gaya maka ƙaninka ya iya ɗaure ƙugiya, shi shaida ne. Ka yi wa Safran godiya, ka gaishe da Ilmudin ɗan maƙwabta, da duk mutanen ɗakinku. Busasshen kifin da ke tare da takardar nan na tarunmu ne, jifan ƙarshe. Ni na ɗaure bakin ƙunshin. Ka shafa kafin ka kwance, za ka gane hannun.

Ƙaninka,
Nifras.