Iskar kilim ta kama wuta a motar Sani

Zuwa ga Yaya Mamman a Kwatano,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan Gazawa lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Maganar motar da ka aiko wa maigidana Sani ce. 'Yan kamfen zaɓe suka ce ba su shiga sai kilim, wato na'urar sanyaya mota, na sanyi, sai ya kai ta Agiye gun mai gyara. Mutumin ya ce an hana tsohuwar iskar da ake ɗura wa kilim, wai tana huda sama, rana ta ƙara ƙuna. Ya ɗura masa wata sabuwa.

Ranar Laraba a hanyar Gangara wani fasinja ya ƙyasta ashana zai kunna taba. Yaya, sai wuta ta taso daga ramukan kilim ɗin! Ashe bututu na yoyo. Kowa ya fita da ransa, amma hannun Sani da gemunsa sun ƙone. Mai gyaran kuwa cewa ya yi, "Ai 'yar'uwar gas ɗin girki ce, wa ya ce a sha taba kusa da ita?"

Sani ya ce hannun na warkewa zai koma hanya. Ni ko ƙarar mota na ji, gabana faɗuwa yake. Don Allah ka tambayi masu gyara na can: akwai iskar da ba ta ɓata sama, ba ta kuma cin mutum? Ka rubuto masa, maganarka yake ji.

Ku sa mu a addu'a. Inna na gaishe ku, ba mu gaya mata ba.

Ƙanwarka,
Hadiza