Inna ta kira sunan yayana a cikin fim ɗina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ɗaure.

Ni ɗan Akokan ne a nan Nijar, asalinmu Tawa. Tun da aka rufe ramin ma'adinai aiki ya tsaya mini, na koma ɗaukar bidiyon biki da suna. Haushi nake ji in na ga fim ɗin da ke nuna yaro ya hau mota yau, gobe ga shi a Turai da kwat, shi ya sa ni da abokaina muka ce za mu yi na gaskiya. Muka ɗauki mutanen da aka koro daga Aljeriya aka zube a bakin iyaka, da direbobin da doka ta hana ɗaukar baƙi, motocinsu na ruɓewa a hannun jandarma, da makiyayan da fari ya cinye musu dabbobi suka kama hanya. Ba ɗan wasa ko ɗaya, kowa da bakinsa ya faɗi labarinsa.

Sai Innarmu ta ce ita ma za ta yi magana, don yayana yana Faransa shekara da shekaru, bai samu takardun zama ba. Shi ne ɗan farinta, kun san al'adarmu, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko gaisuwarsa a salula da ƙyar take amsawa, sai dai ta ce "yaron nan". Ranar ta ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, ta riƙe hotonsa, ta dubi kamara ta kira sunansa cikakke, ta ce ya dawo ta gan shi tun tana da rai. Nan ne zuciyar fim ɗin gaba ɗaya.

Don murna na tura masa wannan guntun. Maimakon godiya, ya kira ni yana faɗa, wai na kashe shi. Ashe a dosiyensa, wato takardunsa na neman mafaka, ya shaida musu cewa iyayensa duka sun mutu lokacin tawaye, ba shi da kowa a Nijar. Ya ce in fim ɗin ya hau intanet aka gani, ƙarya ta tabbata a kansa, jirgi za su sa shi. Na ce masa uwarka ka binne da ranta saboda takarda? Ya ce ni da nake zaune a gida ban san komai ba, haka waɗanda suka riga shi suka koya masa. Ya rantsar da ni kada Inna ta ji, ya kashe waya.

Yanzu abokaina sun ƙi a yanke wurin, sun ce mun yi alkawarin gaskiya. In na bari, na jawo wa ɗan'uwana kora. In na yanke, Inna za ta gani, don ta riga ta gayyaci duk matan unguwa kallo, kuma ba ni da dalilin da zan ba ta sai wanda zai karya mata zuciya.

Kullum da safe sai ta tambaye ni ko yaron nan ya gani, me ya ce. Ina ta cewa rezo ne, layin waya, babu kyau. Jama'a, gobe in ta sake tambaya, me zan ce mata?