Baƙin Tabarau Bayan Takaba

Daren Laraba

Yau na fara fita tun da na gama takabar Malam. Rana ta kashe mini ido, sai na tsaya wajen mai tabarau a hanyar Kongo. Ya miƙo biyu, ya ce, "Hajiya, mai tsadar nan yana kare ido. Wancan roba ce, duhu kawai gare shi."

Na sa mai tsadar, na juya in tambayi Malam ko ya yi mini kyau. Babu kowa.

A madubi na ga mai tsadar ba ya ɓoye hawaye. Na robar na saya. Gobe akwai suna a maƙwabta, kuma na gaji da a ce mini in yi haƙuri.