Hayaƙin Kaskona da Ƙararrawar Benenmu

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Shaguna na benenmu da ke bakin titi a Samaru,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ce Hajara mai turaren wuta, ta shagon ƙasa da ke jikin matakala. A taron da aka yi a kaina ba a bar ni na buɗe baki ba, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta.

Na farko. Ban musa ba, hayaƙin kaskona ne ya tayar da ƙararrawar gobara ranar Asabar ɗin nan, kuma ba ranar aka fara ba. Na ga yadda aka watse, har mai aski ya fito da mutum rabin kai a aske. Na ba da haƙuri, ina ƙara bayarwa. Amma hukuncin da kuka yanke, wai ko in tashi ƙarshen wata ko a yanke wayar ƙararrawar kowa ya huta, wallahi ya yi min ciwo. Turare da hanci ake sayensa. Tun ranar ban zuba garwashi ba, mata sai su buɗe kwalba su shinshina su ajiye su fita. Da shagon nan nake riƙe da gidana.

Na biyu. Da abin ya ishe ni na shiga Sabon Gari neman wanda ya san kan waɗannan na'urori, aka kwatanta min Oga Bitrus, mutumin unguwar Muchia, wanda sanya kayan kashe gobara da gyaransu ne sana'arsa. Ranka ya daɗe, na ga aiki! Bai taɓa komai ba sai da ya tambaye ni abin da nake ƙonawa, da inda nake ajiye kasko, da ta inda iska ke shigowa. Sannan ya hau tsani ya duba farin abin nan da ke manne a silin. Ya ce lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi, wurin ne ba nasa ba. Ashe iri biyu ne: akwai mai jin hayaƙi, akwai mai jin zafi. Mai jin zafi ake sawa inda hayaƙi ya zama na kullum, kamar kicin, ba ruwansa da turare sai wuta ta tashi da gaske. Ya ce a sauya nawa kaɗai zuwa mai jin zafi, na sauran shaguna su zauna yadda suke.

Jar silindar kashe gobarar da ke ƙofata ma bai ƙyale ta ba. Ya duba allurarta ko tana kan kore, ya kifa ta a hankali ya kara kunne yana sauraron zubar hodar ciki, don in ta dunƙule ba za ta fito ba ranar da ake nema. Ni da nake ɗaura mata igiyar labule! Ya sa na riƙe ta da hannuna, ya nuna min ƙusar da ake zarewa, ya ce gindin wuta ake nufa ba harshenta ba.

Na uku. Da na kai maganarsa wurin sakataren ƙungiya, cewa ya yi ai mutumina ne, abin da nake so zai faɗa. Ina ma ya ji faɗan da na sha. Oga Bitrus ya ga kwalaben man humra dab da kasko, ya ɓata rai, ya ce ba zai taɓa silin ɗin nan ba sai na raba su na ajiye bokitin yashi. Na ji haushi a lokacin, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na gyara a ranar. Wanda ke neman yardata ba haka zai yi min ba.

Roƙona shi ne ku kira shi gaban ƙungiya ku yi masa tambayoyin da kuke so, ko ku kawo wani masani na daban ya tantance maganarsa. In ta tabbata, a bar shi ya sauya na'urar, ɗawainiyar a wuyana.

In kuwa kun ƙi, to ga zaɓina tun yanzu, kada wani ya zaɓa min. A saman shagunan nan ɗalibai ne ke kwana, 'ya'yan mutane, da risho da hita a ɗakunansu, matakalar kuma guda ɗaya ce. Kada a yanke wayar nan da sunana. Ƙarshen wata zan kwashe kwalabena in ba ku makulli, a bar musu ƙararrawarsu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama shugabancin nan lafiya, Ya tsare mu da gobara baki ɗaya.

Wassalam.

Taku,
Hajara mai turaren wuta, Samaru.